Man Keken Matarsa

Na fake wa ruwan sama a ƙofar wani sito, ina kallon maigadin. Dattijo ne, takalminsa ya buɗe baki, rumfarsa tana yoyo. Rigar ruwansa ya lulluɓa wa bindiga, shi yana jiƙewa. Yana ɗiga mata mai daga 'yar kwalba, yana murzawa da tsumma, yana tsaki.

Na ce, "Baba, su suke ba ka man?"

"Su wa? Na keken ɗinkin matata ne, jiya har faɗa muka yi. Bindigar nan ta yi tsatsa, ni za a kora."

Da gani ya tsufa a ƙofar nan. Ya miƙe, gwiwarsa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Bindiga ce ba a yarda ta lalace ba. Shi kuwa, ko oho.