Gonar Baba Istifanus a Tsakiyar Katanga

Wanda ya sauka daga babban titin Abuja a Gonin Gora, ya wuce masu sayar da katako da masu gasa masara, zai yi ta tafiya tsakanin katanga da katanga har ya manta cewa ƙasar nan ta taɓa ciyar da mutane. A can ciki, bayan wata makarantar kuɗi, akwai gonar doya. Ba a hango ta daga kowane titi. Ta Baba Istifanus Tagwai ce, kuma ita kaɗai ta rage cikin gonakin ƙauyen da aka haife shi.

Baba Istifanus ya haura shekara saba'in. Siriri ne, ba ya da yawan magana, gwiwarsa ta hagu kuma tana ba shi labarin ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Lokacin da yake yaro, wurin nan 'yan gidajen Gbagyi ne a warwatse, kowane da rumbunansa, sai gonakin doya da dawa har iyakar gani. Ba wanda ke yin kunyar doya shi kaɗai. Gayya ake kira. A dafa abinci, a dama kunu, dattawa su sami abin da suke sha a inuwa, mai ganga ya tsaya a bakin gona, samari su jera da garemani suna rige-rigen kaiwa ƙarshen layi. Da kaka mata su kwaso doya a kafaɗa, yadda iyayensu suka saba, su bi turbar rafi zuwa gida.

Wannan turba ita ce jijiyar ƙauyen. Ta taso daga gidaje, ta ratsa gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya, ta gangara rafi. Ba ta kowa ba ce. Mai gona in ya zo kanta sai ya ɗaga garmarsa ya tsallake, ya ci gaba da huɗa a ɗaya gefen. Ba wanda ya taɓa faɗa wa yaro ya yi haka, gani yake yi ya koya.

Gari ya fara matsowa a hankali. Da farko masaƙun Kakuri ne suka kwashe samari, har da ƙannen Istifanus biyu. Shi bai je ba, ya ce ƙarar inji tana sa shi ciwon kai. Bayan rigingimun da suka raba Kaduna gida biyu, mutane suka yi ta ƙetaro kogi da kayansu, kowa na neman inda zai kafa bulo ya kwana da ido biyu a rufe. Ƙasa ta yi daraja dare ɗaya. Masaƙun sun durƙushe, waɗanda suka tafi sun dawo hannu rabbana, ga 'ya'ya a makaranta. Aka shiga yanka gonaki ana sayarwa fuloti-fuloti.

A nan aka yi kuskuren. Mai sayarwa yakan tsaya ya nuna iyaka da hannu, daga wannan aduruku zuwa wancan dutse. Turbar tana tsakiya, bai ambace ta ba, don a saninsa ba a sayar da hanya, kamar yadda ba a sayar da iska. Mai saye kuwa bai ga wata hanya ba. Ciyawa ya gani da aka tattake.

Istifanus ya ƙi sayarwa. Ba wa'azi ya yi wa kowa ba, cewa kawai ya yi bai iya wata sana'a ba. Yana nan yana noma, makaranta ta ja katangarta ta gabas. Wani coci ya rufe arewa. Gidajen haya suka jeru ta yamma, suka ba shi baya, tagoginsu ƙanana can sama. Saura kudu, fulotin wani ma'aikaci mai suna Nelson da ke zaune a Abuja, wanda ya saya ya bar shi shekara da shekaru ba ko harsashi. Ta cikin wannan fili ragowar turbar ta bi, ta nan Istifanus ke shiga da fita.

Bana, ana cikin ruwan ƙarshe, doya ta kusa isa tono, ya fito da safe ya tarar an sauke bulo da yashi a kan turbar. Wani mutum mai furfura a gemu yana ɗaure igiya a jikin turaku.

"Sannu da aiki," in ji Istifanus.

"Yauwa Baba, sannu da zuwa. Kai ne mai doyar nan? Tun ɗazu nake kallonta ina haɗiyar yawu."

Sunansa Malam Zakariyya'u, magini ne daga Makera. An ba shi aikin kewaye filin duka, da ƙofar ƙarfe ta gaba.

"Ta baya fa?"

"Ta baya toshewa aka ce, Baba."

"To ni ta ina zan bi?"

Zakariyya'u ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ture hularsa baya ya sosa goshi. Ɗan manomi ne shi ma, daga wajen Soba, bai buƙaci a yi masa dogon bayani ba.

"Wallahi ban san haka abin yake ba. Amma ka ga, ni igiya aka ba ni, ba fili ba. Abin da zan iya, in fara ta gaba da gefe, in bar bayan sai ƙarshe. Kafin nan ka nemi manya."

Manyan da suka rage mutum ɗaya ne, mai unguwa Daniel, ɗan baffan Istifanus, wanda tare suka yi ta rige-rige a gayya suna samari. Ya same shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo.

"Ɗan'uwa, ka san turbar rafi."

"Ni za ka tambaya? A kanta na fasa wannan haƙorin."

"To za a rufe ta."

Daniel ya rage muryar rediyon.

"Istifanus, an rufe ta tun tuni. Rabinta na ƙarƙashin ajin yara, rabi na ƙarƙashin bagadin coci. Guntun da ya rage ne kake kira turba. In na je na ce wa mutumin nan akwai hanya a filinsa, zai ce in nuna masa a takarda. Me zan nuna masa, haƙorina?"

"Kai ka sa hannu a cinikin."

"Na sa. Duk mun sa. Kai kaɗai ne ba ka sa ba, ga shi kai abin ya faɗo wa."

Duk da haka Daniel ya nemo lambar Nelson. Debby, 'yar autar Istifanus, mai shagon ɗinki a Nasarawa, ita ta kira, ta sa wayar a fili don uban ya ji. Nelson ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi jiki, ya saurara har ƙarshe.

"Baba, na ji ka, kuma na tausaya. Amma sau biyu ana sayar da filin nan a bayan idona, sai da muka je kotu. In na bar ƙofa ta baya, gobe wani zai ce titi ne. Ga tsaro kuma, ka san yadda gari yake. Iyalina zan kawo wurin."

"Ni kaɗai zan riƙa bi, ɗana. Ba na ɗaukar abin kowa."

"Na sani, Baba. Ba kai nake tsoro ba."

Bai yi tsawa ba, bai yi rashin kunya ba, kuma bai canza magana ba. Istifanus ya fi son a ce ya zage shi, da ya sami abin riƙewa.

Makaranta ta ce ba ta barin baƙo ya ratsa ta cikin yara. Coci ya ce za a kai maganar gaban kwamiti, kwamitin kuma sai bayan Kirsimeti zai zauna. Debby ta gaji.

"Baba, ka sayar kawai ka huta. Ka zo Nasarawa, ga ɗaki."

"In zauna ina ƙirga maɓallai?"

"Ka zauna kana cin abinci da zafinsa."

Ba da saninsa ba ta kawo dillali. Mutumin ya shiga gonar, ya zagaya, ya dubi katangu, ya fito yana karkaɗe takalmi.

"Madam, fili mai kyau ne. Amma wa zai sayi ɗakin da ba ƙofa? Sai dai maƙwabta, su kuma sun san ba ku da wani mai saye, jira kawai za su yi."

A ranar ce Istifanus ya gane inda yake. Shekarun da ya yi yana cewa ba zai sayar ba, yana jin zaɓi ne a hannunsa. Yanzu ba shiga, ba sayarwa.

Katanga ta yi ta tashi. Kullum da safe yakan ratsa ta tsakanin leburori da garmarsa, Zakariyya'u ya tsokane shi.

"Baba, ka tone ta mana mu ɗanɗana kafin mu rufe ka a ciki."

"Ba ta nuna ba. Ku Hausawa ba ku san doya ba, sai an daka an sa muku a kwano."

"Mu dai mun san ci. Kowa da baiwarsa."

Wata rana da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, irin na bankwana. Su biyun suka fake a rumfar siminti. Da aka ɗauke, Zakariyya'u ya tsaya yana kallon yadda ruwan gonar da na rufin gidajen haya ya taru, ya bi ta kusurwar gabas, tsakanin katangar makaranta da sabon harsashin da ya haƙa. Ya cika ramin, ya kwashe masa yashi. Zakariyya'u ya je ya tsuguna a wurin, ya auna da tafin hannu, ya dawo ya ɗauki waya.

"Oga, akwai magana. Ruwan bayan nan ba shi da mafita sai ta gefen makaranta. In na manna katangarka da tasu, damina biyu ba za ta yi ba, za ta kwanta. Sai an bar masa lungu."

"Kamar yaya faɗinsa?"

"Kamar kamu ɗaya. In ja igiyar ciki kaɗan."

Ana jin ƙarar motoci ta wajen Nelson.

"To, a bar wa ruwa hanya. Amma kar ya wuce haka."

Zakariyya'u ya kashe wayar. Bai dubi Istifanus ba, igiyarsa ya tafi kwancewa.

"Gaskiya na faɗa masa, Baba, ruwan zai kayar da ita. In wani abu ya bi bayan ruwan, ni ban gani ba."

Haka aka gama katangar. Tsakaninta da ta makaranta akwai lungu mai tsawon fulotin, duhu-duhu, ƙasansa laka da fasassun bulo. Mutum ba ya shiga da gaba, sai ya juya gefe, bayansa na gogar bango ɗaya, ƙirjinsa na gogar ɗaya. Baro ba ya shiga. Kwando ba ya shiga. Kaya a kafaɗa ma ba ya wucewa.

Ranar tonon doya Debby ta rufe shago ta zo da manyan robobi. Ta gwada lungun, ta maƙale tun a baki, ta fito tana haki da dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baba, wannan ai sai ku masu azumin dole."

"Na gaya miki ki rage shinkafa."

Ta zauna a bakin lungun. Shi yana tonowa, ya ɗauko biyu, ɗaya a kowane hannu, ya taho a karkace yana jan ƙafar hagu, ya miƙa mata, ya koma. Aikin da gayya ke gamawa kafin rana ta take, ya ci musu mako da wani abu. Daniel ya zo rana ɗaya ya taya, shi ma tumbinsa ya hana shi shiga, ya tsaya yana jera doya a roba yana ba da labarin wanda ya fi kowa huɗa a zamaninsu. Masu wucewa suna tsayawa su kalli doya tana fitowa daga tsagar bango.

A rana ta ƙarshe Debby ta lura manya kawai yake fitowa da su.

"Ina ƙananan?"

"Iri ne. Na rufe su da ganye a ciki."

"Baba, shukawa za ka sake yi?"

Ya jingina da katangar makaranta yana murza gwiwa.

"To da damina fa, in lungun ya cika da ruwa? In ka faɗi a ciki, wa zai ɗauko ka? Ni ba na shiga. Baba Daniel ba ya shiga. Sai dai a fasa katangar mutane."

"Sai a fasa."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani."

Ta buɗe jakarta ta ciro tsohuwar wayarta, ta zura mata igiyar atamfa, ta rataya masa a wuya. Ta nuna masa maɓallin da zai danna. Ya bar ta ta yi, kamar yaron da ake sa wa rigar makaranta.

Ƙasa na da sauran danshi, kuma wanda ya bari ta bushe ba zai iya tayar da kunya ba sai wata shekara. Ya ce ta tafi da doyar gida, shi yana da sauran aiki. Ya ɗaga garmar bisa kansa, don ta nan kaɗai take wucewa, ya juya gefe, ya shige tsakanin bangayen biyu. Debby ta tsaya tana jin ƙarfen yana karce bulo, har sautin ya yi nisa.