Garken Abokina a Cikin Diski

Abokina Bafillace ne. Tare muka tsufa a gefen Korgom, ni da gero, shi da shanu. Shekarar da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, babban ɗansa ne ya kora garken arewa da faɗuwar damina, shi kuwa aka bar shi bisa tabarma yana kallon turakun maruƙa. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana kewarsu ba. Duk wanda ya fito daga arewa dai sai ya tsare shi da tambaya ko ya gan su, kuma ko suna nan duka.

Ana nan sai ɗan ya aiko da wani baƙin abu mai girman sabulun wanka, da igiya a gindinsa. Diski ne, in ji mai moton da ya kawo shi. Wani ma'aikacin allurar dabbobi ne ya ɗauki hoton bidiyon garken a bakin rijiya, ya zuba a ciki don tsohon ya gani da idonsa. Na ɗoro telena, wato talabijin, da batir bisa amalanke na kai gidansa, muka jona. Tele ta yi jim, sannan ta rubuta da Faransanci cewa ba ta gane abin ba. Ɗan lakwal ɗin da na yi, wato karatun boko, ya isa in karanta wannan.

"Kaɗo," in ji shi, don haka Fulani ke kiran Bahaushe, "telenka ma ba ta son shanu, kamar mai ita."

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Da ƙuruciya ni ne na fara cin burtalin da ya bi gefen gonata. Bana kunya guda, baɗi biyu, maƙwabta suka gani suka bi sawuna, har hanyar ta matse ta daina ɗaukar garke. Yana cikin abin da ya sa shanunsa suke yin nisa haka. Bai taɓa kai ni gaban kowa ba, sai dai ya tsokane ni, ni kuma ban taɓa iya cewa ya yafe mini ba. Na sa diskin a aljihu na ce masa gobe zan shiga Tasawa.

Ɗiyar ƙanwata tana da shagon buga takardu kusa da kasuwa. Ta jona shi da odinatarta, wato kwamfuta, ta duba.

"Kawu, lafiyarsa lau. Tsarin da aka shimfiɗa a cikinsa ne telenka ba ta sani ba, don ita ma ta kwana biyu. Sai an formate shi, a maida shi wanda ake kira FAT32. Amma formate shara ce, ba ta barin komai."

"To shanun fa?"

"Mu kora su cikin odinata tukuna, in an gyara gidan su koma."

Ban yarda ta taɓa komai ba sai da ta buɗe su a odinatar na ga ƙahoni da idona. Ta danna, diski ya zama wayam. Ina zaune ina roƙon Allah kada wuta ta ɗauke.

Da ta zo maida su, sai suka ƙi shiga. Ta ce sabon tsarin ba ya karɓar hoto guda mai girma haka, sai an raba shi biyu.

"Wa ke ɗaukar abu mai tsawo haka bai tsaya ba?" in ji ta.

Ni na san dalili. Abokina ba ya ƙidaya shanunsa, saninsu ya yi ɗaya ɗaya, da uwayensu da kakanninsu. Ɗan ya hana a tsayar da ɗauka ne don kada uban ya ga giɓi ya zaci an sayar da wata an ɓoye masa. In muka yanke bisa saniya, mun ɓata abin da aka aiko dominsa.

Na ja kujera muka kalla tun daga farko, masu jiran takardu suna ta tsaki a bayana. Can wajen tsakiya, rukunin farko ya gama sha ya kauce, na biyu bai iso ba, babu kowa a hoton sai jakin da ke jan guga.

"Nan," na ce. "Raba bisa jakin."

"Kawu, Allah ya bar mana kai," ta ce tana dariya.

Da la'asar na isa gidansa. Wannan karon tele ta karɓa. Ya sa aka jingina shi da bango, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana kiransu ƙasa ƙasa da Fillanci. Da aka zo wurin rabon, hoto ya ɗauke ya dawo. Ya juyo a fusace.

"Me kuka cire nan?"

"Ba mu cire komai ba. Dubi jakin, ƙafar da ya ɗaga can ita ya sauke nan."

Ya sa na maida baya, ya duba da kyau.

"Jakin ba nawa ba ne," ya ce. "Ci gaba."

Ya ci gaba da kallo har saniyar ƙarshe, wata tsohuwar ja mai karyayyen ƙaho, ta sa baki a kwamin ruwa.

"Suna nan duka," in ji shi. "Amma jar nan ta rame, a gaya wa yaron. Kai kuma Kaɗo, je ka gida, telen ta kwana nan."

A gidansa telen ta ƙare damina. Duk kwana biyu sai in je in ɗauko batir in sa masa caji.