Ranar da Kaka Ta Bar Kifi Ya Dagargaje

Ƙarnin karfasa ne a tafin hannuna ranar, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Da shi na shiga motar Bungudu a tashar Gusau, na takure kusa da taga, hannuwana cikin hijabi.

Ina shekara ta biyu a jami'a lokacin, an tura ni taya wata malamarmu aiki a hutu. Tana binciken tsutsotsin da ke zama a jikin kifi, waɗanda kan iya shiga mutum ta abinci. Mukan sayo ɗanyen kifi wurin masunta a Gusau, wani lokaci a kawo mana daga wajen Tsafe. Aikina in tsaga, in duba, in tsince abin da na gani da hantsaki in jefa cikin 'yar kwalba. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan ƙulli ne rawaya, bai kai ƙwayar dawa ba, manne a tsoka. Idan na huda shi sai wani abu mai faɗi ya fito yana miƙa, kamar an tashe shi daga barci. Malamar ta ce wuta na kashe su, muddin ta ratsa har tsakiyar nama. Na yarda da ita. Amma tun daga nan kifi ya daina wuce mini.

Kakata ce ta raine ni a Bungudu bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ba ta da wata hanyar nuna ta yi kewata sai miyar karfasa. Tana da ƙa'ida: kifi ne ƙarshen shiga tukunya, da ya ɗan tafasa a sauke, don ya fito da kansa da jelarsa kamar yanzu zai yi iyo. Matan unguwa da wannan suka san ta. Zuwana na farko bayan na fara aikin na ce cikina ke ciwo, wanda ya biyo na ce azumin nafila nake. Sai gwaggona ta gaya mini Kaka ta ce boko ta sa na fara ƙyamar abincinta, ta kuma ce in ban ci wannan karon ba, ta daina dafa mini.

Kafin mu shiga gari na hango zalɓe tsaye a bakin gulbi, ƙafa ɗaya cikin ruwa. Tun ina ƙarama nake son tsuntsun nan, har baitoci na sha yi masa.

Na iske Kaka a tsakar gida, kifi cikin kwano.

"Yau kuma mi? Ciki ko azumi?"

"Yau yunwa na zo da ita, Kaka."

"Ah to. Na ɗauka 'yan boko iska kuke ci."

Na karɓi wuƙar na ce ni zan gyara. Ban daɗe ba na samu ƙullin nan rawaya ɗaya kusa da kan kifin. Na ɗora a bakin wuƙa na nuna mata.

"Wanga? Tun ina budurwa nike ganinai. Kitse na."

Na huda shi. Ta kawo fuskarta kusa, ta ga yana motsi, ta ja baya da a'uziyya. Sai kuma ta gyara ɗankwali.

"Shekara nawa muna ci, wa ya mutu?"

"Wuta na kashe shi, Kaka. Ki dai bar shi ya dahu har ciki."

"Ya dagargaje ke nan? In ba ki hwate-hwate in ce miya ta? Ja'ira, mutuncina kike nema."

Na ƙarasa gyarawa na miƙa mata kwanon. Ta zuba kifin. Da tukunya ta fara tafasa na ga hannunta ya kai ga tsumman saukewa. Ta dube ni, ta ajiye shi, ta tura itace cikin murhu. Sannan ta juya kujerarta ta ba tukunyar baya, wai ba za ta iya kallo ba.

Kifin ya farfashe, ƙaya ta watsu cikin miya. Lomar farko ta tsaya mini, na rufe ido na haɗiye. Ta biyu ta wuce da kanta. Kaka na tsince mini ƙaya tana mita.

"Kar ki hwaɗa ma kowa ni na dahwa wanga."

Daga ranar, duk zuwana haka take dafa shi. Ranakun da ba na nan ban san yadda take yi ba, ban kuma tambaya ba.

Sai bayan na gama jami'a, Kaka ta riga ta rasu, na karanta cewa tsutsar nan rawaya a bakin zalɓe da maƙogwaronsa take girma. Daga can ƙwanta ke faɗawa ruwa, ya bi ta jikin dodon koɗi, ya shiga kifi, ya jira tsuntsun ya dawo.