Layin Umaima

Malam Zunnuraini Ari ya shekara ashirin da bakwai yana buga wa mutane takardu a Ajingi, a wani ɗan shago kusa da tashar motocin Kano. Da tafireta ya fara, daga baya kwamfuta ta zo. Kakansa daga gabas ya taso ya sauka Toranke, zuriya ta yaɗu, kuma duk wanda aka haifa ko ya rasu a cikinta, wurin Malam ake kawo labari. Yana da kundi guda a kwamfutar, suna sama da ɗari huɗu, kowa da layinsa: suna, ranar haihuwa, sai gurbin ranar rasuwa.

'Yarsa Umaima ta rasu a daminar bara, zazzaɓin kwana huɗu, tana da shekara goma sha tara. Ba wanda ya ga hawayensa. Ana gama addu'ar bakwai ya buɗe shago. Gurbin ranar rasuwarta dai bai cike ba.

Manhajar da yake rubutu da ita tana da wata ɗabi'a. In ana neman suna, tun ba a gama rubuta shi ba take tafiya. Ya danna U, ta kai shi kan Usaini. Ya ƙara m, ta tsallaka kan Ummu Salma. Ya ƙara a, sai ga Umaima. Nan zai tsaya ya yi ta kallo, sannan ya danna maɓallin fasawa na can kusurwar hagu. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa, mai nuna inda ake rubutu, sai ya koma daidai inda ya baro, kamar ba a je ko'ina ba. Kullum bayan azahar haka yake yi. Ya taɓa gaya wa telan da ke maƙwabtaka da shi cewa haka ya kamata, wanda ya fasa nema a mayar da shi inda yake.

Yayarsa Kellu tana son a buga kundin a takarda kafin taron zumunci na bayan Sallah. Duk ranar kasuwa sai ta leƙo, shi kuma ya ce firinta ba tawada.

"Zunnu, tawadar nan tun kaka take ƙarewa," in ji ta. "Jikokin Gaji na Kademi ma ka sa su. Ranar rasuwar 'yar cikinka ce ta gagare ka?"

Ta ajiye masa ƙullin gyaɗa ta tafi.

Ana saura mako biyu Sallah kwamfutar ta mutu. Badaru mai gyara ya zo daga Gaya, ya kwashe kundin ya zuba a wata, mai sabuwar manhaja. Bayan azahar Malam ya danna U, m, a. Ya yi kallonsa. Ya danna fasawa. Akwatin neman ya ɓace, amma tsinken bai motsa ba, yana nan kan layin Umaima yana ƙiftawa. Ya sake dannawa har sau uku.

Ya kira Badaru a waya. Badaru ya ce ba lalacewa ba ce, wannan haka aka yi ta, inda nema ya kai mutum nan take barinsa, wasu ma sun fi son hakan.

"Baba, ai sai ka koma da hannu inda kake."

"Na manta inda nake," Malam ya ce.

Wata mata ta shigo da takardar neman aiki. Ya ce ta ɗan zauna. Ya matsa da tsinken zuwa ƙarshen layin, ya rubuta sha huɗu ga Agusta, bai duba ko'ina ba. Ya kunna firinta, shafi tara suka fito tas. Ya zuba su a ambulan, ya rubuta Yaya Kellu a bayanta, sannan ya karɓi takardar matar.

Washegari bayan azahar ya zauna gaban kwamfutar, hannuwansa a kan cinya, har aka kira la'asar.