Takardar Wa'adin Tawada

Tawada ake ce masa, domin ya shekara talatin yana aikin ɗab'i, kuma baƙin farcensa ya fi ƙarfin sabulu. Shagonsa ɗaki biyu ne a bayan tashar mota: a na gaba ake karɓar aiki, a na ciki inji yake. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa. Kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, sai ya fitar da samfur, mai shi ya duba ya sa hannu da kwanan wata, sannan inji ya juya. Samfuran kuwa ba ya zubar da su. A kwali yake jera su, kowace shekara da nata.

Injin, yayan matarsa ne ya shigo masa da shi, wani ɗan kasuwa mai odar kaya, a kan farashin kuɗin waje. Suka yi magana da baki cewa Tawada zai riƙa buga masa rasit da tambarin kaya, ana cirewa daga bashin. Aka shekara bakwai a haka. Da kuɗin waje ya ninka uku, sai surukin ya aiko da takardar lauya: Tawada ya biya kuɗin injin gaba ɗaya, a canjin yau, cikin kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba a nemi kotu ta ayyana cewa ya karye, a sayar da shagon.

Ya kamata a lura da abu guda. Da kuɗinsa surukin yake so, da ya nemi a zauna a yi lissafi. Tunda ya fara da wa'adi, shagon yake hange.

Tawada ya same shi a ofis. "Yaya, ayyukan da na buga maka fa?"

"Waɗanne ayyuka? Ɗan taimakon da ka yi wa gidan surukanka shi za ka sa mini a lissafi? Ina aka rubuta? Kuma ɗage hannun nan daga teburina."

Tawada ya wuce wajen wata lauya. Ta karanta, ta ce, "Baba, irin wannan takarda ba a kwana da ita. Kwanaki kaɗan gare mu mu roƙi kotu ta soke ta, kuma sai mun nuna akwai jayayya ta gaske a kan bashin. Kana da shaida?"

Washegari ya sauke mata kwali bakwai. A ƙasan kowane samfur ga hannun surukin, ga kwanan wata, ga kuma layin da yake ƙarawa da kansa don kada a taɓa neman tsaba a wurinsa: "A buga, a cire a kuɗin inji." Rowarsa ce ta rubuta wa Tawada shaida.

Kotu ta soke takardar. Da aka juya kuɗin kowane aiki a canjin ranar da aka yi shi, sai aka ga bashin ya ƙare tun shekara ta biyar. Aikin shekara biyun ƙarshe Tawada ne ke bi.

Surukin ya zo shagon da kansa. "Haba ƙanena, mu kashe maganar nan a gida mana."

"Ai a gida nake, Yaya, ranar da takardarka ta same ni."

Matar Tawada ma ta sa baki. "Maigida, ɗan'uwana ne fa."

"Da an sayar da shagon, shi zai ciyar da ke?"

Ya koma wajen lauya ya ce a rubuta wa surukin irin takardar da ya aiko, kada a rage ko kalma.

Ba za a kira wannan kirki ba, domin yana da halin yafewa, ya ƙi. Amma ba zalunci ba ne: bai nemi abin da ba nasa ba, bai kuma bi hanyar da ba surukin ne ya fara bi ba. Kuɗin surukin suna maƙale a kaya, dole ya sayar da motarsa ya biya. Ranar da mai saye ya zo ɗaukarta, Tawada ya kashe inji da rana tsaka, ya tsaya a tsallaken titi, hannu a aljihu, yana kallonta har ta sha kwana.