Kwali Guda

Malam Muntaka ya shekara ashirin da ɗoriya yana sayar da magani a wani ƙauye kan hanyar Gezawa. Lokacin da ya buɗe kemis ɗin, in ya zauna a benci gero yake gani iya ganin ido. Yanzu bulo yake gani. Birni ya taho a hankali ya cinye gonaki, aka yayyanka su filaye. A da, maganin zazzaɓi aka fi tambayarsa, yanzu kuwa sai na barci.

Cikin masu tambayar har da Usaini, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda 'yan'uwa suka sayar da gonarsu ta gado suka ba shi rabonsa. Tun daga nan ya rame, ya daina zuwa majalisa. Ran da aka yi ruwan shuka sai ga shi da sungumi yana sara a filin wani Alhaji, tsakanin tulin yashi da bulo. Maigadi ya kore shi. Kafin azahar gari ya ɗauka, wai Usaini ya taɓu.

Washegari ya zo kemis, ya ce a ba shi ƙwayar barcin nan, kwali guda. Wannan kwali gudan ne ya tsaya wa Muntaka a rai. Ya san abin da zai iya yi wa mutumin da duniya ta ishe shi. Ya kuma san in ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa, Usaini ba zai ƙara tako ƙofarsa ba, wajen 'yan talla zai je ya saya.

Sai Muntaka ya ce maganin sai da takardar likita, kuma dama jibi zai je asibiti awon jini, yana neman ɗan rakiya.

"Mai magani ma yana zuwa asibiti?" in ji Usaini.

"Tsufa ne, ɗan'uwa. Ka zo ka riƙe ni kada in faɗo daga babur."

Daga nan ya zagaya da shi bayan shago, inda yake jibge kwalaye, wuri bai fi taku goma ba, ya ce ciyawar nan ta dame shi. Usaini ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ya murza. Can ya ce an wulaƙanta ta, amma in ta sami taki za ta yi gero.

Ranar da suka ajiye, da hantsi, sai ga shi da sungumi a kafaɗa. Muntaka ya ce ya jingine shi tukuna, sai sun dawo. Ya jingine, ya hau bayan babur.