Haƙoran da Baba Ya Ƙirga

Jiya babur ɗina ya shaƙe a tsakiyar hawan dutse, da buhu biyu na dankali a baya, ya fara komawa da ni. Da ƙyar na dire. Ina zaune cikin tsakuwa, gwiwa tana jini, sai na tuna Baba bakanike na Gada Biyu.

Ba ya ɗaura wa babur faifan sarƙa sai ya tambaya, "Wace hanya kake bi?" Sannan ya bi haƙoran faifan da babban yatsa, baƙi ƙirin da mai, yana ƙirgawa.

Bara na je ina son ƙaramin faifai a baya, don gudu. Ya ɗauko babba, mai haƙora hamsin.

"Ɗana, kai ba kwalta kake bi ba. Ƙarami gudu ne, babba ƙarfi. Dutse kuwa ƙarfi yake so."

Na ce, "Baba, zamaninku ya wuce," na tura babur wani shagon, aka ɗaura mini ƙaramin. Baba kuwa ya goge babban faifan da tsumma ya rataye.

Ban koma ba har ya rasu.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa ya yafe mini, don ni ban je na roƙa ba.